Yumɓu Mai Shan Dafi Da Maganar Gyaɗarmu

Maganarmu ta yau a kan ƙasa ce, watau wani irin yumɓu da Turawa su ke kira bentonait. Sunansa ya yawaita a bakin masu kiwon kaji da masu haɗa abincin dabbobi, suna saye suna cuɗawa cikin dusa da garin masara. Akwai kuma masu ƙulla shi cikin 'yan kwalabe suna talla ta waya, suna cewa wai yana wanke ciki, yana fid da kowace irin guba daga jikin mutum. A cikin zancen nan akwai gaskiya, akwai ƙari, ƙarin kuwa yana iya jawo asarar dukiya, ko ma ta rai. Saboda haka ya kamata a tsefe shi a hankali.

Ku sani, asalin mafi yawan wannan yumɓu toka ce ta duwatsu masu aman wuta. Tokar ta faɗa cikin tafkuna da tekuna tun zamani mai nisa, ta kwanta, ruwa ya yi ta aiki a kanta har ta juye ta zama laka. Sunan bentonait daga wani wuri ya fito a Amurka, Fort Benton, an kuwa raɗa shi a 1898. Ainihin abin da ke aiki a cikinsa sunansa montmorilonait, daga garin Montmorillon na Faransa, inda aka fara siffanta shi a 1847. Sunayen suna da nauyi a baki, amma abin ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya ratsa ƙasar Dikwa da Ngala da Marte ya ga baƙar lakar da a ke noma masakwa a kanta, wadda ta ke kumbura da damina har ta riƙe ƙafar jaki, da rani kuma ta tsattsage har mutum ya iya zura hannu. Wannan ma'adinin ne ya ba ta halin nan.

Sirrinsa a cikin ƙirarsa ya ke. Ƙwayarsa falle-falle ce, kamar ganyen littafin da ba a ɗinke ba, sai dai siririyar da ido ba ya gani. Ruwa da waɗansu abubuwa suna kutsawa tsakanin falle da falle su maƙale. Masana sun yi lissafi, giram ɗaya tak, in da za a shimfiɗa fallayensa, zai rufe fili wanda ya kusa kai fuloti mai ƙafa 50 da 100. Iri biyu ne manya. Akwai mai sodiyam, watau sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa, shi ne mai shan ruwa ya kumbura ninki-ninki ya yi yauƙi. Shi masu haƙa rijiyar burtsatse da rijiyar man fetur su ke damawa su tura cikin rami, ya sanyaya bakin ƙarfe, ya ɗauko tsakuwa zuwa sama, ya yaɓe bangon ramin kada ya rufta. Akwai kuma mai kalsiyam, sinadarin ƙashi da alli, wanda ba ya kumbura ƙwarai, amma gwani ne wajen kama maiƙo da launi da ƙazanta. A riƙe bambancin nan, za mu komo kansa.

Mutanen da sun san amfanin irin wannan ƙasa tun kafin a ba ta sunan Turanci. Masaƙan ulu na Ingila da ita su ke cire maiƙo daga tufa. Mutanen Maroko har yau suna haƙo irinta, suna kiranta gasul, daga kalmar Larabci ta wanki, suna wanke kai da jiki da ita. Ibn Sina ya kawo yumɓun Armeniya cikin magunguna a littafinsa Alƙanun. Abin da ya ke sabo shi ne haɗa ta da maganar gyaɗa da masara.

A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, ba a san dalili ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar da tunkuzar gyaɗa da aka sayo daga Burazil aka ciyar da su. A cikinta aka gano wani dafi wanda wata irin hunhuna ta ke haifarwa, aka sa masa suna afalatoksin. A lokacin nan dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, Nijeriya tana cikin manyan masu fid da gyaɗa a duniya, sai ga masu saye sun sami sabon abin da za su duba ban da tsakuwa da karyayyar ƙwaya. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 su suka rushe dalar, amma dafin nan yana cikin manyan abubuwan da suka tsare ƙofar komawa kasuwar Turai.

Halin dafin shi ne abin tsoro. Hunhunar tana zaune a ƙasar gona, tana shiga gyaɗa da masara tun suna tsaye, musamman in fari ya gallabi shuka gab da girbi, sa'an nan ta ƙara yaɗuwa in an ɗure amfani cikin buhu bai gama bushewa ba, ko aka jibge shi a sito mai laima. Dafuwa ba ta kashe dafin, suya ba ta gamawa da shi. Wani lokaci a kan ga kore-kore a jikin ƙwaya, ko a ji ɗaci, wani lokaci kuwa ba abin da ido zai gani. In ya yi yawa a lokaci ɗaya ya kan lalata hanta nan da nan, ido ya yi rawaya, mutum ya mutu. Haka ya faru a gabashin Kenya a 2004, mutum 317 suka kwanta saboda masarar da suka noma da hannunsu, 125 suka rasu. In kaɗan-kaɗan ne a ke ci shekara da shekaru, yana cikin sanannun masu kawo ciwon dajin hanta, haɗarin kuwa ya kan ninka ƙwarai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya ke da yawa a ƙasashenmu. Saniyar da ta ci, wani abu daga cikinsa ya kan biyo nononta.

Ga 'yan kasuwa, a dubi inda maganar ta kai. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci wadda dafinta ya wuce kashi 4 cikin kashi miliyan dubu. Ma'anarsa, nauyin ƙwayar sukari ɗaya a cikin buhu 10,000 masu kilo 100. Kada wani ya ce ai wannan fitinar Turawa ce, mu kasuwarmu ta cikin gida ce. A watan Maris na 2021 Kenya ta rufe ƙofa ga masarar Uganda da Tanzaniya saboda wannan dalili. A 2023 Sudan ta Kudu ta tsare motocin masara da gari na Uganda a iyakar Nimule. A 2024 gwamnatin Zambiya ta ba da sanarwar mutuwar karnuka wajen 400 daga abincin da aka yi da gurɓatacciyar masara, ta sa aka janye garin waɗansu injinan niƙa daga kasuwa. Duk waɗannan baƙar fata ne da 'yan'uwansu. Mai lodin kaya daga Dawanau zuwa maƙwabta ya san cewa ranar da za a tambaye shi takardar awo a kan iyaka tana tafe.

To, ina yumɓu ya shigo? Wani masani a Jami'ar Texas A&M ta Amurka, Timothy Phillips, shi da abokan aikinsa suka nuna a 1988 cewa in an cuɗa ɗan yumɓu mai kalsiyam cikin abincin kaji, misalin rabin kilo a buhu mai kilo 100, ya kan kama dafin tun a cikin hanji, ya riƙe shi tsakanin fallayensa, su fita tare cikin kashi, bai kai ga jini ba. An maimaita gwajin a kan aladu da tumaki da shanun nono, aka ga haka ne. A 2013 Tarayyar Turai ta yarda a hukumance a sa bentonait cikin abincin dabbobi don wannan aiki, da sharuɗɗa a kan irinsa da yawansa. An kuma gwada a kan mutane a gundumar Ejura ta ƙasar Gana, garin masara ne mai babban zango, fatake da yawa sun san shi. Mutum 177 aka ɗauka, aka kasa su uku, waɗansu giram 3 a rana, waɗansu giram ɗaya da rabi, waɗansu kuwa maganin wofi, har wata uku. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna alamar dafin a fitsarin masu shan giram 3 ta ragu da fiye da rabi, ta jini ma ta ragu, ba a kuma ga wata babbar illa ba cikin watannin nan.

Wannan ita ce gaskiyar da ke cikin zancen, ba kuwa ƙarama ba ce. Mai kaji da ya sayi na kirki ya cuɗa bisa awo bai yi asarar kuɗinsa ba. Masu matsar mai a Bompai da Sharaɗa su ma sun san darajarsa ta wata hanya, domin da irin ƙasar nan, bayan an gyara ta, a ke tace ɗanyen mai: a dama ta cikin mai da zafinsa, a tace, ta tafi da launi da ƙazanta, tacewar kuma ita ke rage dafin da ya biyo man. A Senegal, inda a ke haƙo wani ɗan'uwan bentonait mai suna atapulgait a wajen garin Tiyes, cibiyar binciken abinci ta Dakar ta koya wa masu matsar mai na gida su tace mansu da shi. Abin mamaki, mafi yawan abin da a ke haƙowa can jirgi a ke ɗora wa zuwa Turai, a zuba cikin akwatin bayan gidan kyanwa.

Amma a lura da kyau da abin da yumɓun ya ke yi. Dafin da ya tarar a cikin hanji tare da abinci, shi ya ke kamawa, ba kuma duka ba. Wanda ya riga ya shiga jini ya wuce shi. Hantar da ta riga ta lalace ba ya gyara ta. Ba ya kashe hunhuna a rumbu, in ka barbaɗa shi a kan jiƙaƙƙiyar masara za ta ci gaba da ruɓewa. Hunhuna kuma iri-iri ce, kowace da dafinta, akwai waɗanda yumɓun ba ya iya kama su sosai. Sa'an nan a maganar mai, mafi yawan dafin ba man ya ke bi ba, a tunkuza ya ke zama. Mai ya fita fes, ƙuli-ƙuli ya tafi da kaya. Wa ke cin ƙuli-ƙuli? 'Ya'yanmu ne, da almajiranmu da garin kwaki, da mai cin tsire da yajinsa, da mai kwaɗon zogale.

A nan ne tsorona ya ke. Hanyar da gyaɗa ta ke bi a kasuwa sananniya ce. A tsince mai kyau a sayar wa mai fitarwa waje ko babban kamfani, ta biyu ta tafi wurin masu suya, ragowar kuwa, motsattsiya da mai baƙi da wadda ƙwari suka huda, a sayar da ita da araha ga mata masu ƙuli-ƙuli da masu abincin kaji. A cikin 'yan ƙwayoyin nan marasa kyau mafi yawan dafin ya ke taruwa. Watau tsintar da ta tsarkake buhun attajiri ita ta tattara gubar a kwanon talaka. Yanzu in labari ya bazu cewa akwai ƙasar da ke shanye dafi, mai son zuciya ya sami abin fakewa. Zai ce kawo ruɓaɓɓiyar, ai ana sa mata magani. Yumɓun da aka yi domin rage abin da ya kuɓuce wa tsinta sai ya zama hujjar barin tsintar. Malamai sun san hukuncin ɓoye aibin kaya ga mai saye, ba sai na tsawaita ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, wannan aibi mai saye ba shi da idon ganinsa, nauyin duka yana kan wanda ya san yadda kayan suka kwana a sito.

Sai maganar masu sha da masu ci. Abin da ke sa yumɓu ya kama dafi shi ne ke sa ya kama abin da ba a so ya kama. Ba shi da hankalin zaɓe. Yana cikin rami shekaru dubbai yana shan abin da ke kewaye da shi, in akwai dalma a wurin yana ɗauke da ita. A 1997 a Amurka an sami wata guba mai suna dayoksin a naman kaji, da aka bincika sai aka ga daga yumɓun wata mahaƙa ta jihar Misisipi ta fito, wanda a ke sa wa cikin garin waken suya don kada ya dunƙule. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kan waɗansu kwalaben bentonait na shafawa da sha, saboda yawan dalmar da aka samu a ciki. A 2019 hukumar magunguna ta Faransa ta ce kada a ƙara ba yaron da bai kai shekara biyu ba maganin zawon nan na yumɓu, Smecta, wanda mutanen Nijar suka sani ƙwarai a kantin magani, don gudun ɗan abin da ke cikinsa na dalma. Wannan fa magani ne da aka tace a ma'aikata, aka auna. Ina ga wanda aka kwaso daga kududdufi aka shanya a rana? Mu da muka ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan da a ke niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ba mu bukatar a yi mana dogon bayani cewa ƙasa tana iya ɗaukar mutuwa ba ta canza launi ba.

Ko yumɓun tsarkakakke ne, yana kama magani a ciki kamar yadda ya ke kama dafi. Masu harhaɗa magani sun daɗe da sanin cewa farar ƙasa tana rage ƙarfin kulorokwin in an sha su tare, shi ya sa a ke cewa a raba tsakaninsu da sa'o'i. Yana kuma iya tare sinadarin ƙarfe da jiki ke bukata don yin jini. Matanmu masu ciki da yawa suna kwaɗayin farar ƙasa, likitoci kuwa sun lura kwaɗayin nan sau da yawa yana tafiya tare da ƙarancin jini. Shehu Halilu a Muhtasar ya ambaci ƙauli biyu a kan cin yumɓu, karhanci da hani, waɗansu masu sharhi kuma suka yi rangwame ga mai cikin da kwaɗayin ya tsananta mata har ana jin tsoro ga abin da ke cikinta. A ganina rangwamen bai hana miji ya kai ta asibiti a auna jininta ba, domin sau da yawa a nan tushen abin ya ke. Wanda aka gwada a Ejura kuwa yumɓu ne daga mahaƙa sananniya, an auna dalmarsa da sauran gubobinsa tun kafin a ba kowa, likitoci suna tsaye a kai, wata uku kawai. Mai talla ta waya ba shi da ikon aron wannan shaida ya liƙa wa kwalbarsa.

Yanzu mu koma ga bambancin da na ce a riƙe. Akwai irin wannan laka a ƙasarmu, a wajen Fika ta Yobe, da Pindiga ta Gombe, da yankin Dikwa da Ngala na Borno, da waɗansu wurare a kudu. Duk sa'ad da aka tashi maganarta, ta fuskar haƙar man fetur a ke yi, balle tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya je buɗe aikin Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a watan Nuwamba na 2022. Binciken jami'o'inmu kuwa ya sha nuna cewa mafi yawan tamu mai kalsiyam ce, ba ta kumbura yadda masu haƙar mai su ke so sai an gyara ta da soda, 'yar'uwar kanwa. Sai a ke ganin wannan kamar naƙasa ce. Amma mai kalsiyam ita ce irin da aka gwada a Texas da Ejura, ita ce kuma a ke gyarawa don tace man girki. Abin da ya rage mata daraja a rijiyar fetur yana iya zama darajarta a gidan kaji da injin matsar mai, kasuwar nan kuwa tana ƙofar gidanmu, masu ita suna biyan kuɗin waje suna sayowa. Ban ce kowace laka mai kalsiyam za ta yi ba. Rami biyu da ke kusa da juna suna iya bambanta, wannan ya kama dafi, wancan ya sake shi. Sai an ɗebo daga kowace mahaƙa an auna ƙarfin kamunta, an auna dalmarta, an sake aunawa kowane lodi. Wannan aikin jami'o'in Maiduguri da Zariya da Kano ne, da hukumar NAFDAC wajen ba da lamba. Attajirin da ke neman inda zai sa kuɗinsa, ɗakin awo ya kamata ya fara ginawa kafin ya sayi tifa.

Kafin a kai can, abin da ke hannun manomi da ɗan kasuwa ya fi yumɓu arha. Iyayenmu a shekarun 1950 sun bar ɓare gyaɗa a turmi sun koma injin hannu, saboda an ƙara kuɗi a kan wadda ba ta karye ba. Farashi ne ya koya musu, ba wa'azi ba. Yau ma haka za a yi. A cire gyaɗa a kan kari, kada ta daɗe a ƙasa bayan ta nuna. A shanya ta a kan tamfol ko tabarma har ƙwaya ta riƙa kaɗawa cikin ɓawonta. Buhu ya hau katako, kada ya jingina da bango. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta haɗa, aka yi masa rajista a Nijeriya a 2014. Ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin hunhunar da ba ta haifar da dafi, a watsa a gona mako biyu ko uku kafin fure, ta riga mai dafin cin wuri. Shi wannan tun daga gona ya ke tare abin, yumɓu kuwa sai a hanji.

Wanda zai sayi yumɓun don kajinsa, ya nemi mai lambar hukuma da sunan ma'aikata a jikin buhu, ya bi awon da aka rubuta, ya kuma gaya wa likitan dabbobi in yana ba su wani magani ta baki. Ragowar tsinta kuwa, wadda ta yi baƙi ko kore, ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi su ne za su iya yanke shawara a kanta a kasuwa ɗaya-ɗaya, a ware mata wuri dabam, a hana sayar da ita ga masu ƙuli-ƙuli da masu kunun gyaɗa, ko da hakan zai rage wa dillali 'yan kuɗin da ya saba samu a kan kowane buhu.